Gwajin lantarkin ido: shin za a iya dogara da manhajar da ke tace sakamakon?

Mazaunin Nima ko Maamobi a birnin Accra da ya daɗe yana fama da dundumi ko ciwon suga, mai yiwuwa a tura shi babban asibiti kamar Korle Bu. Cikin gwaje-gwajen da likitocin ido ke dogara da su a duniya akwai ERG, mai auna ɗan lantarkin da tantanin bayan ido, wato retina, ke fitarwa idan haske ya dake shi. Wani masani ɗan Suwidin, Frithiof Holmgren, shi ya gano wannan lantarki a 1865.

Lantarkin ƙanƙane ne ƙwarai, da kashi ɗaya cikin miliyan na bolt ake auna shi. Ƙiftawar ido, motsin tsokar fuska da wayoyin wutar ɗaki duk suna gurɓata shi. A Ghana, kamar Nijar da Najeriya, wutar gida tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, kuma na'ura tana kwaso wannan kaɗawar.

Hanyar tacewa mafi aminci ita ce maimaita walƙiyar hasken a ɗauki matsakaici: maimaici 100 yana rage hayaniyar da ba ta da tsari ninki 10. Matsalar tana ga matatar da ke yanke kaɗawar wutar gida kai tsaye. Wani ɓangare na amsar ido yana cikin wannan zangon, don haka takan tafi da tsaba tare da ƙaiƙayi, ta kuma sauya siffar zanen. Shi ya sa ƙungiyar ISCEV, wadda ta fara fitar da ƙa'idar gwajin a 1989, ba ta ba da shawarar amfani da ita.

Haɗarin ya fi yawa ga masu ciwon dundumin gado, waɗanda amsar idonsu ta kusa ɓacewa. Idan tacewa ta yi yawa, manhaja kan iya shafe ɗan abin da ya rage, ko ta gyara hayaniya har ta yi kama da amsa. Ƙananan na'urorin hannu da ake manna wa wayarsu a fatar ƙasan ido sun fi dogara da manhaja, domin lantarkin da ke isa fata ya fi rauni.

Ƙwararren ma'aikaci yakan fara da kashe na'urorin da ke kusa da gyara zaman wayoyin, ya adana asalin zanen, sannan ya sake gwajin ya ga ko sakamakon zai maimaita kansa.