Tayil A Kan Tayil: Abin Da Nake Dubawa Kafin In Karɓi Aiki A Riyad

Yawancin masu gidan da ke kirana a Riyad tambayarsu ɗaya ce: za a iya shimfiɗa sabon tayil ba tare da an farfasa tsohon ba? Ana iyawa, kuma ina yi. Amma ba na ba da amsa ta waya, sai na je na ga daɓen.

Dalilin da ya sa suke so a fili yake. Tsofaffin gidaje na unguwanni irin su Manfuha da Shumaisi, da yawansu daɓensu tayil ɗin nan ne da ake kira balat, mai ɗigo-ɗigon tsakuwa, wanda aka ɗora kan yashi da kwaɓin siminti. In aka ce za a fasa shi, ƙura za ta turnuƙe gida, ƙarar inji ta hana maƙwabta sakat, sannan a yi hayar kwantenar kwashe ɓaraguzai, domin hukumar birni tana cin tarar mai zubarwa a titi. Sau da yawa kuma bututun ruwa a cikin yashin nan suke bi. Guduma ta kuskure sau ɗaya, aiki ya zama biyu.

Da na shiga, sai in ɗauki ƙotar guduma in durƙusa, in bi tayil ɗin ɗaya bayan ɗaya ina ƙwanƙwasawa. Wanda ya kama da kyau, ƙararsa a dunƙule take. Wanda ya saki kuwa sai ka ji yana amsawa kamar ganga, in yi masa alama da alli. Idan 'yan kaɗan ne, a ciccire su a cike gurbin da siminti. Idan alli ya mamaye falon, sai in ce, "Alhaji, haƙuri za a yi, wannan sai an fasa." Wasu ransu yakan ɓaci, su nemi wani. Na fi son haka da a kira ni bayan shekara ana nuna mini tayil ya ɗaga.

Kwaɓin siminti da yashi ba ya kama fuskar tayil mai santsi. Sai an wanke maiƙo tas, musamman a kicin, a kankare ƙyallin da injin gurza, a shafa ruwan share fage, sannan a yi amfani da gam na buhu mai alamar C2. Da cokali mai haƙora ake baza shi, a kuma shafa a bayan tayil in babba ne. Manyan tayil na zamani, irin waɗanda kamfanin Saudi Ceramics da aka kafa a nan Riyad a 1977 yake yi da waɗanda ake shigowa da su daga Sifen da Indiya, ba sa yafe daɓen da bai miƙe ba. Tudu kaɗan, gefe ya taso yara su riƙa tuntuɓe.

Zafin garin nan ma yana da nasa hukunci. Da bazara yakan haura digiri 45, iska a bushe, gam ya yi fata kafin ka ankara. Shi ya sa nake kwaɓa kaɗan-kaɗan, in bar 'yar tazara a jikin bango domin tayil ya samu wurin motsi. Hukuma ta hana aiki cikin rana daga 12 zuwa 3, daga 15 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba, don haka aikin tsakar gida da saman soro da asuba muke farawa.

In an ɗora tayil a kan tayil, daɓe zai tashi da kamar santimita 1 zuwa 1.5, saboda haka a sa kuɗin kafinta cikin lissafi, domin sai an rage ƙasan ƙofofi.

Banɗaki ne ba na sassautawa. Idan bangon ɗakin da ke kusa ya fara kumbura yana zubar da fenti, ruwa na yoyo a ƙasa, kuma sabon tayil ɓoye shi kawai zai yi har ya kai ga ƙarfen ginin. Nan sai an fasa, a gyara bututu, a shafa maganin hana yoyo, a tare magudana a cika ruwa ya kwana biyu, a leƙa silin ɗin maƙwabcin ƙasa kafin in ɗora tayil ko guda.