Idan Rumbun Kwamfuta Ya Yi Ja

Wanda ya saba zama a shagunan gyaran kwamfuta na titin Ahmadu Bello ko na Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi ya san ƙorafin nan. Ɗalibi ne zai shigo daga Jami'ar Jihar Kaduna, rungume da laftof ɗin hannu mai gigabait 64 ko 128, yana rantsuwa bai zuba komai ba amma layin rumbun C ya yi ja. Sai wani yaron shago ya buɗe, ya nemo folda mafi nauyi, ya kai hannu zai goge. A nan ne gabana yake faɗuwa, domin sau da yawa abin da zai goge shi ne ƙashin bayan na'urar.

Mu fara da antibairos. Aikinsa irin na mai gadi ne da aka ba kundin hotunan ɓarayi. Duk fayil ɗin da ya zo wucewa sai ya gwada fuskarsa da abin da ke cikin kundin. A 1986, lokacin da wasu 'yan'uwa biyu a Lahore ta Pakistan suka rubuta bairos ɗin Brain, kundin bai taka kara ya karya ba. Yau cibiyar AV-TEST da ke Jamus tana ƙirga sababbin mugayen manhajoji sama da 450,000 a kowace rana. Shi ya sa Microsoft Defender, antibairos ɗin da yake zuwa da Windows, yake sauko da sabon bayani sau da dama a yini, yana kuma ajiye na baya ko da sabon zai zo da matsala. Duk da haka, nasa ɗaruruwan megabait ne kawai.

Ɓarnar tana zuwa ne daga tarawa. An sayar maka da laftof da antibairos na gwaji, wa'adinsa ya ƙare, aboki ya ɗora maka wani, mai gyara ya ƙara na uku. Kowanne da kundinsa, da ɗakin da yake tsare fayilolin da ya kama, a cikin ProgramData, foldar da Windows take ɓoyewa daga ido. Wasu ko an cire su sai sun bar tarkace.

Sai foldar WinSxS, wadda aka fi zalunta. Ka duba nauyinta ka ga gigabait takwas ko goma, ranka ya ɓaci. Alhali kaso mai yawa na wannan lissafin maimaici ne. Windows tana iya ba fayil guda suna biyu a wurare biyu, kamar yaron da sunansa na yanka Muhammadu, a gida kuma ana kiransa Ɗanjuma. Mai ƙidayar da bai san gidan ba zai rubuta mutum biyu, alhali kwano ɗaya ake zuba wa tuwo. Yawancin abin da ke System32 haka yake da WinSxS: jiki ɗaya, suna biyu, ana ƙirga shi nan, a sake ƙirga shi can. Kamfanin Microsoft da kansa ya gargaɗi mutane cewa goge wannan folda na iya hana kwamfuta tashi.

Na fahimci inda tsoronmu ya samo asali. Wanda ya taɓa kai filash shagon buga takardu ya dawo ya tarar foldojinsa duk sun koma 'yan gajerun hanyoyi masu alamar kibiya, ba zai ƙara yarda da wata kibiya ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Amma foldar Documents and Settings da kake gani da kibiya, ka danna ta ƙi buɗewa, ba bairos ba ce. Tun daga Windows Vista a 2007 aka mayar da kayan cikinta zuwa foldar Users, aka bar tsohon sunan yana nuna wa tsofaffin manhajoji sabon gida. Ba ta cin fili.

Abin yi ba shi da wuya. A zaɓi antibairos ɗaya da ake sabuntawa, sauran a cire su ta hanyar da masu su suka tanada. A buɗe Disk Cleanup, a shiga ɓangaren fayilolin tsarin. A can Windows da kanta take nuna tsofaffin sabuntawa da ragowar Defender da babu haɗari a share. Daga nan a leƙa Downloads, inda fina-finan da aka turo da bidiyon biki suke kwance; sau da yawa nan ne filin ya tafi.

Abin da ya fi damuna shi ne masu kashe sabuntawa gaba ɗaya don tsimin data da fili. Na san tsadar data, amma mai gadin da ke riƙe da kundin bara ba zai gane ɓarawon bana ba. Laftof da yawa a Kawo da Unguwar Rimi har yanzu Windows 10 suke kai, wadda Microsoft ya daina tallafa wa ranar 14 ga Oktoba, 2025. Bayanan Defender kuwa, Microsoft ya ce zai ci gaba da turo mata su har zuwa Oktoban 2028.