Inda Sabis Ke Cin Karo da Kwano, Bango da Dutse

A kusa da kasuwar Tudun Wada da ke Gusau akwai wani saurayi mai sana'ar POS a cikin kwantenar ƙarfe. Duk wanda ya saba cirar kuɗi a wurinsa ya san abin da ke biyo baya da zarar an zura kati. Zai miƙe, ya fitar da hannu ta 'yar taga, ya ɗaga na'urar sama, ya ce, "Alhaji, ɗan yi haƙuri, sabis ne." Jim kaɗan sai takarda ta fara fitowa. Abin da yau da gobe ta koya wa hannunsa, masana sun shafe shekara fiye da 150 suna bayaninsa da lissafi.

Abin da muke kira sabis igiyoyi ne na lantarki da maganaɗisu, masu tafiyar kilomita kusan 300,000 a daƙiƙa ɗaya. James Clerk Maxwell, ɗan ƙasar Sikotilan, shi ya nuna a 1865 cewa haske kansa irin wannan igiya ce. Ke nan hasken rana, shirin rediyo da kiran waya 'yan gida ɗaya ne, tsawon zango kawai ya raba su. Muddin igiyar na cikin sarari, tafiyarta take yi sumul. Labari yana canjawa ne a kan iyaka, wato daidai inda iska ta ƙare wani abu ya fara, ko bango ne, ko ruwa, ko gilashi. A nan takan kasu: wani kaso ya dawo baya, wani ya ratsa, cikin wanda ya ratsa ɗin ma abin ya shanye wani ya mai da shi ɗumi.

Ɗauki siririyar igiya ka ƙulla ta da kakkaurar igiyar guga, ka kaɗa bakinta. Motsin zai tafi har ƙulli, wani ya wuce, wani ya dawo hannunka. Iya bambancin kaurinsu, iya yawan abin da ke dawowa. In kuwa a jikin turke ka ɗaure ta, kusan dukansa zai dawo. Haka lamarin yake. Gilashin taga bai yi wa haske nisa da iska ba, shi ya sa kowace fuskarsa ke mayar da kashi 4 cikin 100 kacal. Da rana ba ka lura da wannan ɗan kaso, amma da dare, in ka kunna fitila a ɗaki waje kuma ya yi duhu, sai ka ga fuskarka a jikin tagar.

Kusurwa ma tana da nata. Cika baho da ruwa ka leƙa ta sama, za ka ga gindinsa. Durƙusa ka dube shi ta gefe, sararin sama za ka gani kwance a kansa. Wani Bafaranshe, Augustin Fresnel, ya tsara lissafin wannan tun a shekarun 1820.

Ƙarfe shi ne turken nan. Lantarkin cikinsa a sake yake, da igiya ta taɓa shi sai ya motsa ya mayar da ita, ba ta shiga ko kaurin gashin kai. Abin da ke burge ni a tarihin nan shi ne, lokacin da Heinrich Hertz ya tabbatar da maganar Maxwell a garin Karlsruhe na Jamus a 1888, faffaɗan ƙarfen zinki ya kafa a bango ya ga igiyoyin suna dawowa. Zinkin nan da shi ake shafe kwanon rufinmu. Kowane gidan kwano a Bungudu ko Tsafe, madubi ne ga igiyar waya.

Yanzu dubi yadda muke gini. Saboda halin tsaron da ake ciki, mai gida yana sa ƙofar ƙarfe, tagar ƙarfe, sandunan ƙarfe, ga kwano a sama, ga ragar sauro ta waya. Ba wanda zai ga laifinsa. Amma layukan da suka zo mana tun 2001 sun fara aiki ne a zangon megahaz 900 da 1800, inda tsawon igiya yake kamar santimita 33 da 17. Ramin da ya yi ƙanƙanta ƙwarai da wannan tsawo ba ya barin ta wuce, don haka raga mai ƙananan idanu daidai take da rufaffen ƙarfe a wurinta. Bangon ƙasa busasshe ya fi sauƙin ratsuwa, sai dai in damina ta jiƙa shi, ruwan ciki yana mayar da igiya yana kuma shanye ta. Sau da yawa mukan ɗora wa kamfani laifin duka, alhali wani kason yana cikin ɗakin da muka gina. A ganina, duk mai gina asibitin ƙauye, makaranta ko shago ya kamata ya tambayi ta ina sabis zai shigo, kamar yadda yake tambayar ta ina iska za ta shigo. Wani lokaci 'yar eriya a saman rufi da waya zuwa ciki ta wadatar.

Akwai kuma abin da ke ba mutane mamaki: a tsakar gida ɗaya, nan akwai sabis, taki guda gaba babu. Igiyar da ta zo kai tsaye daga turken sadarwa tana haɗuwa da wadda ta dako kwanon maƙwabci ta dawo. Inda tashinsu ya zo daidai sai su ƙarfafa juna, inda tashin wannan ya haɗu da faɗuwar waccan sai su kashe juna. Tsakanin wuraren biyu bai wuce 'yan santimita ba.

Dutse kuwa inuwa yake yi. Matafiyi daga Tsafe zuwa Gusau ya san girman dutsen Kwatarkwashi. Igiyar waya ba ta huda irinsa, ɗan abin da ya lanƙwaso ta gefe ne ke isa bayansa, shi ya sa a ƙauyuka da dama ake hawa tudu a kira 'yan'uwa.

A watan Satumba na 2021, da aka rufe layukan sadarwa a faɗin Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga, mutane sun riƙa tafiya har Funtuwa don kiran waya kawai. Amma akwatin rediyo bai yi shiru ba. Gajeren zango ba ya jiran turken unguwa. Yana tashi sama ne ya tarar da wani sashen iska mai ɗauke da cajin lantarki, sama da kilomita 100 daga ƙasa, wanda ke tanƙwaro shi ya dawo a wata ƙasa mai nisa. Ta wannan hanya tsofaffi a zaure suka ci gaba da jin sashen Hausa na BBC, wanda ke magana da su tun 1957, a makonnin da wayar aljihu ta zama fitilar dare.