Lafiyar jikin mai taɓin hankali: abin da ya kamata ku sani

Wace matsala ce wannan?

Idan kuna da ɗan'uwa mai fama da matsanancin taɓin hankali, kamar mai jin muryoyin da babu su yana zargin kowa, ko wanda kan yi kwanaki cikin zumuɗi ba barci sannan ya faɗa baƙin ciki mai tsanani, to ku riƙa lura da jikinsa ma. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce irin waɗannan bayin Allah kan rasu shekara 10 zuwa 20 kafin sauran jama'a. Galibinsu cututtukan jiki ne ke ajalinsu: ciwon zuciya, hawan jini, ciwon suga, tarin fuka. A 2018 hukumar ta fitar da ƙa'idoji na musamman kan kula da su.

Me ke jawo haka?

Wasu magungunan taɓin hankali, irin su olanzapine da clozapine, suna buɗe ciki, mutum ya yi ta ci, ya yi ƙiba, suga da kitsen jini su hau. Lithium kuma yakan taɓa ƙoda idan an daɗe ana sha. Ga yawan shan sigari, ga zama wuri ɗaya ba motsi.

Amma abin da ya fi damuna shi ne rashin saurare. Mara lafiya zai ce ƙirjinsa na ciwo, ko ƙishirwa ta dame shi yana yawan fitsari, sai 'yan gida su ce ai ciwon nasa ne ya motsa. Wani lokacin ma'aikacin asibiti ma haka zai ɗauka. Kafin a farga suga ya yi ɓarna, ko hawan jini ya kai ga shanyewar ɓarin jiki.

To a daina ba shi maganin ke nan?

A'a. Yanke magani farat ɗaya yakan dawo da ciwon, sau da yawa fiye da da. Idan kun ga ƙiba na ƙaruwa, ko rawar hannu da sandarewar jiki, ku gaya wa likita. Zai iya rage adadin ko ya canza wani.

Me za ku yi, kuma nawa zai ci?

Duk ranar da kuka je karɓar magani, ko a asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna ne, ko Kware a Sakkwato, ko Dawanau a Kano, ku roƙa a auna jininsa da nauyinsa. A duba suga aƙalla sau ɗaya a shekara. Awon jini minti kaɗan ne, na suga kuwa ɗigon jini ne daga yatsa, kuma ƙananan asibitoci da yawa suna yi da kuɗi kaɗan.

A gida ku rage masa lemon kwalba da soye-soye, wani ya riƙa raka shi tattaki da yamma. Idan tari ya kai mako 2, ku kai shi gwajin tarin fuka. Maganinsa kyauta ne a asibitocin gwamnati a Najeriya.