Ginin da Ake Kunnawa a Kan Tebur

Duk alhajin da ya sauka Jidda ta filin jirgin sama na Sarki Abdul'aziz ya san fararen rumfunan nan 210 masu kama da tantuna, waɗanda aka gama a shekarar 1981. Babban aiki irin wannan ba da siminti ake fara shi ba. Akan zana shi a takarda tukuna, sa'an nan a ƙera ɗan ƙaramin samfurinsa, domin ba kowane attajiri ko mai mulki ya iya karanta taswirar injiniya ba, amma kowa ya ga gini a kan tebur zai gane shi. Maniyyatan Nijeriya ma sun san wannan dabara, tun da yake da samfurin Ka'aba akan koya musu ɗawafi kafin su tashi.

Abu na farko da maƙerin samfuri yake yankewa shi ne awo. Idan aka ce ɗaya cikin 500, watau kowace mita guda ta samfurin tana wakiltar mita 500 ta ginin gaskiya, to hasumiya mai tsawon mita 1,000 za ta koma mita 2 kacal, hawa guda kuwa bai kai faɗin farce ba. A cikin wannan ɗan wuri za a cusa fitila da wayarta.

A da, ƙananan ƙwayayen lantarki masu zare ake sawa. Suna zafi har su lanƙwasa roba ko kwali, kuma in ɗaya ya mutu sai an ɓalle bango kafin a kai gare shi. Sauƙi ya fara samuwa a 1962, sa'ad da Nick Holonyak na Amurka ya ƙera ƙwan LED mai jan haske. A 1993 Shuji Nakamura na Japan ya fito da shuɗi mai ƙarfi, wanda daga gare shi aka sami fari. Wannan ƙwai zafinsa kaɗan ne, wutar da yake ci ba ta taka kara ta karya ba, wani ma bai kai ƙwayar gero ba. Inda wuri ya yi matsi ƙwarai, akan ajiye ƙwan a ƙarƙashin tebur, a ja haskensa da siririn zare mai ɗaukar haske zuwa taga ko fitilar titi.

Abin da ya sa samfurin yake amsa wa mai kallo kuwa shi ne wata 'yar ƙaramar kwamfuta, kamar allon Arduino da aka ƙirƙiro a garin Ivrea na Italiya a 2005. Mai kallo ya danna maɓalli, ita kuma ta kunna fitilun da aka umarce ta: hanyar motoci, ko masallaci, ko ƙofofin fita in gobara ta tashi. Har akwai ƙwayayen da ake jerawa kamar carbi, kowanne ya karɓi nasa umarni ta waya guda.

Aikin yana da nasa tarko. Haske yakan yi yoyo ta bangon roba, don haka akan shafe cikin ɗakunan da baƙin fenti. Akan kuma rage ƙarfinsa, gama fitilar da ta cika haske takan mai da gini abin wasan yara. Maƙeri mai hankali yakan bar ƙofa a ƙasan tebur saboda ranar gyara.

Sai dai samfuri alkawari ne kurum. An fara Hasumiyar Jidda a 2013, bisa zanen Adrian Smith, wanda ya zana Burj Khalifa ta Dubai mai mita 828, da nufin ta wuce mita 1,000. A 2018 aikin ya tsaya bayan an kai sama da hawa 60, ba a koma kansa ba sai 2025. A kan tebur kuwa, danna maɓalli ɗaya ya isa a haska dukan hasumiya. Saboda haka wanda aka nuna wa irin wannan samfuri domin ya zuba kuɗinsa, ko ya ba da filinsa, ya kamata ya tambayi awon da aka yi amfani da shi, da abin da aka riga aka gina, da kuma wanda zai biya sauran.