Ko Kun Sani? Mesar da ta yi 'ya'ya babu namiji

A shekarar 2012, a gidan namun daji na birnin Luwisbil da ke Amurka, wata ƙatuwar mesa mai suna Thelma ta saka ƙwai 61. Irin mesar kudu maso gabashin Asiya ce, tsawonta ya kai mita 6, kuma ba a taɓa haɗa ta da namiji ba. Abokiyar zamanta ma mace ce.

Kowa zai ɗauka ƙwan banza ne. Sai ga 'ya'ya 6 sun fito, dukkansu mata. Da aka gwada ƙwayoyin halitta daga saɓar da suka yi, sai aka tarar babu gadon kowa a jikinsu sai na uwar.

A daji, mesa takan naɗe ƙwanta ne ta yi ta kwanci wata biyu zuwa uku, ko abinci ba ta nema. Masu kiwo kuwa sukan kwashe ƙwan su sa a na'urar ƙyanƙyasa mai ɗumi da laima. Kwashewar ce aiki, domin mesa mai kwanci ba ta da fara'a, sai mutum biyu ko uku sun taru a kanta.