Layin Saƙonni: Ƙirga Kai Bai Isa Ba, Sai An Auna Nauyi

A manyan bankuna da kamfanonin intanet, ba kullum manhajoji ke magana da juna kai tsaye ba. Akwai wata manhaja a tsakani, dillalin saƙonni, wadda ke karɓar saƙo daga mai aikawa ta jera shi a layi, har sai mai karɓa ya samu sukunin ɗauka. Cikin fitattun irinta akwai RabbitMQ, wadda ta fito a 2007 bisa ƙa'idar AMQP da ta samo asali a bankin JPMorgan Chase.

Da zarar mai karɓa ya yi sanyin jiki ko ya tsaya cak, sai layi ya dinga tsawo. Abin da injiniya ke fara dubawa shi ne saƙo nawa ke jira. To amma adadi na iya yaudara. Saƙo miliyan ɗaya, kowanne bayit 200, gaba ɗayansu megabayit 200 ne. Saƙo dubu ɗaya tak, kowanne ɗauke da hoto mai megabayit 5, ya kai gigabayit 5. Direban da ya ƙirga buhuna bai tambaya na auduga ne ko na siminti ba, tayoyinsa za su ba shi amsa a hanya.

Ita ma kwamfuta nauyin take ji. A zubi na 3 na RabbitMQ, idan manhajar ta ci kashi 40 cikin ɗari na ƙwaƙwalwar na'ura, sai ta dakatar da duk masu aiko saƙo, muddin ba a sauya saitin ba. Haka take yi idan sararin faifan ajiya ya gaza megabayit 50. Ke nan layi guda da ya kumbura na iya tsayar da aikin kowa.

Tun zubi na 3.4 a 2014, manhajar na nuna yawan bayit ɗin da ke kowane layi, kuma ana iya kafa masa iyaka da saitin max-length-bytes. Sai dai a kula: wajen wannan iyaka, gundarin saƙon da ke jira kaɗai take aunawa. Bayanan da ke rakiyarsa, da saƙon da aka miƙa amma ba a tabbatar da karɓarsa ba, ba sa cikin lissafi. Wajibi ne a bar sarari saboda su.

Idan layi ya cika kuma, abin da take yi da kanta shi ne zubar da saƙon da ya fi daɗewa, sai fa in an umarce ta ta ƙi karɓar sabo. Wannan zaɓi ba na wasa ba ne. Tsohon rahoton zafin ɗaki ya ɓace, babu asara. Umarnin biyan albashin ma'aikaci ya ɓace, wani gida zai kwana da yunwa. Ya kamata duk mai kula da irin wannan manhaja ya san nauyin layukansa, ya kuma yanke wannan hukunci tun kafin su cika.